Jirgin Yaƙin Malam Lawan

Ranar wata Alhamis ce a farkon kaka, shekara uku bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙin Bama, ina aji uku a makarantar elementare a Nguru. Lokacin aikin hannu ne, mun baje a gindin dogonyaro, kowa da tarin karan dawa a gabansa, ana ta ɓare ɓawo ana yanka ɓargon da guntun reza. Yawancin yara mota suke yi, wasu keke, malalata kuma tabarau. Ni da abokina Kyari jirgin sama muka haɗa, mai fukafukai da wutsiya da farfela mai juyawa in an hura ta. Malam Lawan, malaminmu na aikin hannu, ya zo wucewa da 'yar bulalarsa a hammata, sai ya ja ya tsaya a kanmu. Ya ɗauki jirgin ya jujjuya shi, ya hura farfelar, ya ce, "Wa ya koya muku?" Muka ce babu kowa. Sai ya nufi gidansa da ke bayan makaranta, jim kaɗan ya dawo da wani abu a naɗe cikin tsohuwar rigar soja. Da ya warware sai ga ɗan kwali, a kan murfinsa an zana jirgin yaƙi yana ratsa gajimare, da launi kamar zai fito daga takardar. Nan take kowa ya watsar da karansa, muka yi masa zobe har muna taka juna.

Ni dama jirgin sama ya daɗe da shiga raina. A Gashuwa aka haife ni, gidanmu na masunta ne da manoman shinkafa, kuma tun ina ɗan mitsitsi, lokacin da ake tsakiyar yaƙi, jirage kan ratsa ta samanmu su yi gabas, babba guda a gaba, ƙanana na biye da shi kamar agwagwa da 'ya'yanta. Da mun ji rugugin sai mu fita a guje muna ɗaga hannu muna ihu, awaki su watse, tsofaffi su yi ta salati. Da na isa shiga makaranta aka kai ni Nguru wajen kawuna, wanda ke aikin tsince ƙaro a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. A can na haɗu da Kyari, ɗan Barebari, siririn yaro mai saurin fushi da saurin hucewa. Shi bai taɓa ganin jirgin sama kusa ba, amma yana da hannu. Ni nake faɗa masa yadda siffar take, shi kuma ya fi ni iya yanka.

Abin da ke cikin kwalin ya ba mu mamaki, don mun zaci jirgi za mu gani a haɗe. Guntayen katako ne farare, marasa nauyi kamar ɓargon kara. Akwai dogo guda mai kama da ɗanyen rogo, shi ne gangar jiki, da faffaɗa guda biyu na fukafukai, da wasu ƙanana na wutsiya. A cikin wata 'yar takarda kuma ga tayoyi biyu da farfela ta ƙarfe mai kunne uku, ga ƙananan gwangwanayen fenti, ga wata babbar takarda da aka zana jirgin ta sama da ta gefe da ta gaba, da rubutun Turanci fal a gefenta. Malam ya ce a Indiya ya saye shi a hanyarsu ta dawowa gida daga yaƙin, da niyyar ya haɗa da kansa. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna mana. Dukkanmu mun san yatsu biyu sun ƙage a hannun, kuma yana rawa in ya riƙe alli, amma ba mu taɓa jin ya yi zancensa ba. Ya ce, "Wannan hannun ba zai iya ba. Ku biyun nan za ku yi mini shi." Na dubi Kyari, Kyari ya dube ni, bakinmu ya ƙi rufuwa.

Kafin mu taɓa wuƙa sai da Malam ya yi mana abin da har yau ban manta ba. Ya ce kowane inci ɗaya a jikin wannan ɗan jirgi ƙafa shida ne a jikin na gaske, ya sa muka ɗauko rula da igiya muka fita filin makaranta. Muna aunawa a takarda, yana lissafi, muna ja da sanda a kan rairayi, har siffar jirgin ta fito a ƙasa da ainihin girmansa. Ajinmu gaba ɗaya muka jeru a kan fukafukan, aka sami wuri ya rage. Kyari ya yi tsalle ya zauna a mazaunin matuƙi yana ruri da baki, sauran suka kama wutsiya wai kada ya tashi da su. Ranar ko ƙararrawar tashi ba mu ji ba.

Mako uku muka yi muna sassaƙa. Da an tashi makaranta sai in ruga gida in ɗebo ruwa tulu huɗu daga rijiya, in yanko wa jakin kawu ciyawa, in cusa tuwo a tsaye, in koma zauren Malam, inda nakan tarar da Kyari ya riga ni yana harara. Askar wanzami Malam ya samo mana, da ganyen ɓaure mai kaushi na goge katako. Mukan yanko siffar daga takarda mu ɗora a kan katakon mu zana da fensir, sannan mu bi layin a hankali. Malam na zaune a kan buzunsa, abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne, "Ku riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, ba ni da wani katakon." Fukafukai suka fi ba mu wuya, don sai bakin gaba ya yi kauri, na baya ya yi siriri kamar gefen ganye, kuma dole na dama da na hagu su zama ɗaya. Mukan ɗaga su mu hango ta hasken ƙofa, mu goge, mu sake hangowa. Da muka zo haɗawa sai muka tarar gam ɗin kwalin ya daskare. Ni kuwa ɗan gidan mai ƙaro ne, na roƙi kawu ya zaɓo mini 'yan dunƙulen da suka fi haske, muka jiƙa, muka manna. Da safe jirgi ya tsaya a kan tayoyinsa, fari fat, tsawonsa bai kai tafin hannun babban mutum da yatsu ba. Muka yi ta zagaya shi muna tafi.

Saura fenti. Malam ya buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, kowanne ya bushe ya zama dutse. Muka zuba kananzir, muka ɗora a rana, muka daka, duk a banza. A kantunan Nguru kuma fentin ƙofa ne kawai a manyan gwangwanaye, ja da baƙi. Ga shi hutu ya zo saura kwana biyu, kuma a ranar ne Malam ya gaya mana an yi masa canjin wurin aiki, mako guda bayan an dawo hutu zai tashi. Ya ce ba komai, zai tafi da shi haka fari. Ni dai ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, na ce yayata Talatu a Gashuwa ta san haɗa kowane irin launi, ita ke rina kabar faifai da tabarma a unguwarmu, in ya yarda in tafi da shi zan dawo da shi kamar na kan murfi. Kyari ya miƙe tsaye ya ce wallahi ba a isa ba, ɗan masunta zai jefa shi a kogi. Malam ya dube ni ya ce, "In ya karye fa?" Na ce ba zai karye ba. Ya ce, "To, in ya karye ka kawo mini guntayensa, kada ka ɓoye." Ya ƙara da cewa in na zo zana tambarin da ke kan fukafukai kada in sa ja a tsakiya yadda yake a murfi, don na wajensu shuɗi ne da fari-fari kawai, an cire jan saboda kada a ɗauka na abokan gaba ne. Kyari kuwa ya zare farfelar ya ƙulle a bakin zariyarsa, ya ce ba za a gama jirgin nan ba shi ba.

A cikin ƙwarya mai murfi na sa shi, na kewaye shi da audugar rimi, na ɗaure da tsumma. Motar ɗaukar gyaɗa da ta sauke kaya za ta koma Gashuwa na hau, muka wuni muna kafewa a rairayi ana turawa. Duk inda aka ce a sauka a tura, ni da ƙwaryata a ka nake turawa da hannu ɗaya, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko ƙwai na ɗauko. Na tarar da gida ana shirin yankan shinkafa, tsakar gida cike da homa da taru ana gyara, ƙamshin bandar kifi ko'ina. Ban ko gama gaisuwa ba na buɗe ƙwaryar. Kafin la'asar yaran unguwa sun cika zaurenmu, ni kuma na hau turmi ina ba da labarin yaƙin Bama kamar da ni aka yi.

Kashegari Yaya Talatu ta ce in bari ta dawo daga gona mu zauna a tsanake. Ban iya jira ba. Tana fita na ɗebo shuninta da garin rawaya, na kwaɓa da ruwa mai yawa a sakaina har ya yi kore-kore, na tsoma tsumma na shiga shafa wa jirgin Malam. Da fari abin ya yi kyau, ina ta murna. Can sai na ga katakon yana shan ruwan yana kumbura, launin yana bin jijiyar itacen yana yin dabbare-dabbare. Na ƙara shafawa wai in gyara. Ashe ƙaro ba ya jure ruwa. Ina riƙe da shi fiffiken hagu ya saki ya faɗi a cinyata, na dama ya langaɓe, wutsiya ta karkace. Na zauna da gangar jirgin a hannu ɗaya, fiffike a ɗayan. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne hannun Malam mai rawa, da shekarun da ya yi yana adana kwalin nan, da fuskar Kyari. Na kwashe guntayen na shige bayan rumbu na fashe da kuka.

A nan Kaka Gambo ya same ni, mahaifin babana, tsohon masunci wanda ƙarfinsa ya ja baya, ya koma ɗinkin gorar kamun kifi da saƙar homa a gida. Ya tsuguna ya karɓi guntayen, ya shinshina wurin mannin, ya ce, "Kai abokina, da ƙaro ake haɗa abin da za a jiƙa? Tashi ka share majinar nan." Ya sa fukafukan tsakanin allunan karatu biyu, ya ɗora dutsen niƙa a kai, ya ce kada in taɓa sai bayan kwana uku. Waɗannan kwana ukun na yi su ne a gonar shinkafa ina korar tsuntsaye, raina na bayan rumbu. Ranar da suka cika muka ɗaga dutsen, fukafukai sun miƙe sak. Kaka ya samo jakar iskar da ke cikin giwan ruwa, ya yayyanka, ya dafa a 'yar tukunya har ta narke ta zama danƙo mai yauƙi da ƙarni. Ya huda jikin jirgin da basilla, ya soka ƙayar bagaruwa biyu-biyu a gindin kowane fiffike, ya shafa danƙon ya haɗa, ya ɗaure da zare. Da ya bushe ya miƙo mini ya ce in ja. Na ja a tsorace, ko motsi bai yi ba. Matsalar da ta biyo baya ita ce kyanwar gidanmu, wadda ta ji ƙarnin kifi ta ƙi rabuwa da ni, har sai da na riƙa rataye ƙwaryar a ragaya.

Yaya Talatu ba ta yi mini faɗa ba, dariya kawai ta yi ta yi mini har hutun ya ƙare. Ta goge ɓarnar da na yi da ganyen ɓaure, ta shafe jirgin da siririn ruwan danƙon Kaka don katakon ya daina sha. Launukanta kuma da kauri take kwaɓa su, ruwa ɗigo-ɗigo da ɗan ƙaro, kuma ba ta yarda ko ɗaya ya hau jirgin sai ta gwada shi a fasasshiyar ƙwarya ya bushe ta gani. Kore daga shuni da rawaya, ruwan ƙasa daga jar ƙasa da aka tankaɗe da ɗan kunkunniya. Buroshi kuwa gashin wutsiyar akuya ta tsinko ta cusa a bututun gashin agwagwa. Ta zana mini iyakokin da tsinke, ni nake cikewa, ina riƙe numfashi, harshe a waje. Koren bai fito kamar na murfi ba, ya fi kama da miyar kuka, amma da ya haɗu da ruwan ƙasan sai bayan jirgin ya yi rodi-rodi kamar fadama in an hango ta daga tudu.

Na juya shi zan ci gaba da shafa koren a cikinsa, Kaka da ke gefe yana saƙa ya ce in dakata. Na ce ai haka yake a murfi. Ya ce murfin bayansa ya nuna mini, shi kuwa cikinsu ya sani, don sau da yawa yana kwance a kan gorarsa a tsakiyar kogi suka wuce ta kansa, kuma cikinsu fari-fari ne mai ɗan shuɗi. Na yi gardama, sai ya miƙa hannu cikin kwando ya ɗauko tarwaɗa, ya nuna mini bayanta baƙi, ya birkice ta, cikinta fari. Ya ce, "Wanda ke sama ya duba ya ga laka, wanda ke ƙasa ya duba ya ga hasken sama. Masu jirgin nan ba wawaye ba ne." Zuciyata ba ta kwanta ba, don Turancin takardar ya fi ƙarfina balle in tabbatar, amma na bi maganarsa. Yaya ta niƙa alli ta ɗiga masa shuni kaɗan, muka shafe cikin. Tambarin kuma anini ta ɗora ta zagaye da tsinke ta cika da shuɗi, tsakiyar ta ɗiga fari-farin da bakin kara. Ta so ƙwarai ta sa jan karan dafinta, wanda duk unguwa ke yabo, na ce Malam ya hana, ta ce Malam bai san kyau ba.

Ranar da aka koma makaranta tun a bakin tasha Kyari ya tare ni, ko gaisuwa babu, ya ce in buɗe. Na ƙi, muka tafi zauren Malam yana biye da ni yana zagina da Barbarci. A gaban Malam na kwance tsumman, na cire audugar, na ajiye jirgin a kan buzu. Kyari ya matso kusa. Ya kwance zariyarsa ya ciro farfelar, ya soka ta a hancin jirgin, ya hura, ta juya. Muka yi ihu tare. Kafin Malam ya tambaya na faɗa masa duk abin da ya faru, har da kukan bayan rumbu da ƙayar bagaruwa. Ya shinshina jirgin ya yi dariya har da tari. Sannan ya ɗaga shi sama da kansa da hannun hagu, ya ɗaga ido yana kallon cikinsa, sai dariyar ta tsaya. Na ce a raina Kaka ya jawo mini. Sai ya ce, "Wa ya gaya maka haka cikinsa yake?" Na ce kakana. Ya ce, "Ka ce masa ya yi daidai. Ni ma ta ciki na san shi." Ranar ya ba mu labarin da bai taɓa bayarwa ba, yadda aka taɓa rutsa su a wani kwari cikin daji kwana da kwanaki, abinci ya ƙare, har suka fid da rai, sai wata safiya irin wannan jirgi guda uku suka keto ta kan itatuwa ƙasa-ƙasa, suka buɗe musu hanya. Ya ce a kwance yake rigingine da hannun nan a ɗaure, abin da ya gani ke nan, farin ciki mai ɗan shuɗi. Ya goge ido da gefen rawani, ya ce mu je mu kira sauran 'yan ajinmu.

Mako guda jirgin ya yi a rataye da zare a tsakiyar ajinmu, iska na kaɗa shi, babu wanda ya fahimci lissafi a makon. 'Yan wasu azuzuwan na leƙe ta taga, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa har da wani liman suka zo kallo. Da ranar tafiya ta zo Malam ya mayar da shi cikin ƙwaryata, ya hau jirgin ƙasa da ita a cinya. Mu ya bar mana takardar zanen, wadda muka yi ta kwafa muna sassaƙa wasu da itacen da muka samu har ta yage. Ban sake ganinsa ba, sai labarin rasuwarsa da na ji bayan na girma.

Yanzu jikokina jiragensu daga kasuwa suke zuwa, na roba, a haɗe a fente, wasu har da fitila da ƙara, kwana biyu an taka an zubar. Ba na ganin laifinsu, abin da zamaninsu ya ba su ke nan. Kogin da Kaka ke kwanciya a kai ya janye, matan da ke rina kaba da shuni da rawaya sun koma sayen garin rini a leda. Ni da Kyari mun tsufa tare, shi a Nguru ni a Gashuwa, kuma duk haɗuwarmu, a biki ko a jana'iza, sai mun yi musun wanda ya goge fiffiken dama, wanda ya fi kyau. Shi ya ce shi ne, ni in ce ni ne, jikoki na yi mana dariya. Bara waccan ya rasu. Yanzu in na ce ni ne babu mai ƙaryata ni, kuma labarin ya rage daɗi.